An kira wa yaran layinmu 'yan sanda saboda ƙwallo: wa ya wuce gona da iri?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta nan kafin in ɗauki matakin da zan zo ina da-na-sani. Muna zaune ne a wata unguwa a Kano, kuma layinmu ba hanyar wucewa ba ce, ƙarshensa a toshe yake, babu motar da take shigowa sai ta masu gidajen. Shekara da shekaru yaran layin suna jera duwatsu a matsayin raga bayan sallar la'asar, su buga ƙwallo har a kira magariba. Ranar Lahadin nan ƙwallon ta daki madubin gefe na motar wani maƙwabcinmu ta fasa shi. Bai nemi uban kowa ba, bai taka ƙofar mai unguwa ba, sai kawai ya ɗaga waya. Kafin mu ankara motar 'yan sanda ta shigo, aka kwashi yara shida, babbansu shekararsa 14, ƙaraminsu 9, nawa kuma 11. Ba mu samu fito da su ba sai bayan sallar isha'i, bayan kowane uba ya sa hannu a takardar alƙawari, an kuma karɓi abin da aka karɓa a hannunmu. Tun ranar ko aike ɗana ba ya son fita, idan ya ji ƙarar mota a ƙofar gida sai ya shige ɗakin mahaifiyarsa. Ban musa cewa an yi wa mutumin ɓarna ba, kuma da ya zo mini da na biya shi ba tare da gardama ba. Tambayata ita ce, shin wasan yara a layi abu ne da ya kai a kira 'yan sanda, kuma su 'yan sandan aikinsu ne su amsa irin wannan kira ta wannan hanya?

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, Baban Khalifa, ya kuma cire wa yaron nan firgicin da aka sa masa. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutum zai iya kallon idon maƙwabcinsa a sahun sallar asuba bayan ya sa an zaunar da ɗansa ɗan shekara tara a bayan kanta. Madubi ana sayen wani a kasuwa, amma maƙwabtakar da ya fasa ban san inda zai samo madadinta ba.

Alhaji Na Ƙarshen Layi:
Baban Khalifa, ban ji daɗin abin da ya sami yaronka ba, amma tunda gaskiya ka nema, zan faɗi tawa ko da zan zama saniyar ware, domin ni ma na taɓa kiran 'yan sanda a kan masu ƙwallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mahaifiyata ta yi shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, ɗakinta kuma shi ne yake jikin katangar waje, wadda yara suka mayar da ita ragarsu. Duk bugun da aka yi sai ta zabura. Sau uku ina bin iyayensu gida-gida, wani ya ba ni haƙuri, wani ya ce mini ai ba ni na sayi layin ba. Na kai magana wajen mai unguwa, ya tara su ya yi musu faɗa, aka yi kwana huɗu aka dawo ruwa. Sannan a daina cewa yara kamar duk 'yan firamare ne. A namu layin ƙananan ne suke farawa, can sai samari masu gemu daga wasu unguwanni su kore su, a sa kuɗi a kan wasan, a yi ta ashariya a ƙofar gidan mutum matarsa da 'ya'yansa mata suna ji. Ranar da na fito na yi magana wani ya ce mini in koma ciki tun muna shaida juna, ranar ce na kira hukuma. Ban san maƙwabcinka ba, amma kafin a yanke masa hukunci a nan ya kamata a tambaya ko wannan ne karo na farko da aka yi masa ɓarna.

Baban Khalifa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyaranka. Gaskiya ne ya taɓa yi wa yaran tsawa sau da dama, kuma bara an fasa masa fitilar ƙofar gida. Amma ni dai bai taɓa zuwa wajena ba, kuma waɗanda aka kama babu mai gemu a cikinsu.

Tsohon Gola:
Ni ina ganin duk muna jifan inuwa ne mun bar mai jikin. Lokacin da muke yara babu wanda yake buga ƙwallo a ƙofar gidan wani sai dai idan ruwa ya cika fili, domin kowace unguwa tana da filinta, ga filin makarantar firamare a buɗe, ga gefen ganuwa, ga bakin kududdufi idan rani ya yi. Yau ku zagaya ku gani. Inda muka yi wasa an yanka filotai, wani wajen an yi shaguna, wani wajen gidan mai, kududdufin ma an cike shi an yi gini. Yaron da aka haifa a gida mai ɗaki biyu da tsakar gidan da shanya kaɗai ta cinye, ina ake so ya kai ƙarfin da Allah ya zuba masa? An ce akwai filayen haya masu ciyawar roba, to ai awa ake saya, ɗan mai tura ruwa ba zai iya ba. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata kuwa na Kano Pillars ne da manyan wasanni, ba a gina shi don 'yan shekara goma ba. Mu manya ne muka cinye filayen, sannan muka juyo muna kira musu 'yan sanda don sun tsaya a ɗan abin da ya rage.

Lauyan Tsakar Gida:
Bari in ɗan taɓa ɓangaren doka, domin na lura mutane da yawa suna zaton duk abin da ya ɓata musu rai laifi ne da 'yan sanda za su shiga. Na farko, sashe na 50 na kundin laifuffuka na Arewa, wanda muke kira Final Kod, ya ce abin da yaron da bai kai shekara 7 ba ya aikata ba laifi ba ne, haka ma wanda ya wuce 7 bai kai 12 ba, matuƙar hankalinsa bai kai ya gane irin abin da yake yi da abin da zai haifar ba. Na biyu, laifin ɓarnata dukiya yana buƙatar niyya, ko sanin cewa aikin zai jawo asarar. Yaron da ya auna raga ƙwallo ta kuɓuce ta sami madubi bai yi niyyar ɓarna ba, iyakar abin da ke tsakaninku da mai motar shi ne biyan diyya, wannan kuwa shari'a ce tsakanin mutum da mutum. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana a kama mutum saboda irin wannan taƙaddama kaɗai, sashe na 36 kuma ya hana a kama wani a madadin wanda ake zargi, wato idan yaro ya gudu ba a ɗaukar ubansa ko yayansa. Na uku, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ambaci haƙƙin yaro na hutu da wasa a sashe na 12, ta ce idan an kama yaro a sanar da iyayensa nan take, ta kuma ba 'yan sanda damar kashe ƙananan maganganu ta hanyar sulhu ba tare da kotu ba. Kano ma ta samu tata dokar kare yara a 2023. Amma kada a fahimce ni a baibai: abin da Alhaji ya ba da labari daban ne. Baligin da ya tare hanya, ya yi caca, ya yi wa mai gida barazana, wannan ya shiga hurumin 'yan sanda kai tsaye. Game da abin da aka karɓa a hannunku kuwa, beli kyauta ne, kuma a ofisoshi da yawa a rubuce yake a jikin bango.

Sufeto Mai Ritaya:
Barista ya faɗi doka kuma ban da ja a kanta, amma na yi shekara 35 a cikin kaki, bari in gaya muku yadda abin yake a bakin kanta. Babu wanda yake bugo waya ya ce yara suna wasa ku zo. Abin da ake cewa shi ne, 'yan daba sun tare mana layi sun farfasa mini mota. Wanda ya ɗauki kiran bai san unguwar ba, kuma ya san cewa sau da yawa faɗan daba daga wasan ƙwallo tsakanin layi da layi yake tashi, ana farawa da gardamar bugun fanareti a ƙare da wuƙa. Idan bai tura mota ba aka zub da jini, shi za a tuhuma. Idan an isa kuma aka tarar da mai ƙara yana huci, ya riga ya shaƙe wuyan rigar yaro, wani lokacin ɗauke yaran daga wurin shi ne kariyarsu. Wannan uzurin zuwa ne. Abin da ba ni da uzurinsa shi ne abin da ya biyo baya. Da zarar jami'i ya ga 'yan shekara tara da sha ɗaya ne, aikinsa ya sa a kira mai unguwa da iyaye a nan take, a tsaye a layin, a kimanta madubin, a watse. Ni haka nake yi, kuma ba don na fi kowa kirki ba, sai don na san ɗakin tsare mutane makaranta ce, yaron da ya kwana da ɓarayin waya ba ya fitowa yadda ya shiga. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: idan mai ƙara yana da hali, kuma shi ya zuba wa motar sintiri mai, to ƙananan jami'ai suna jin nauyin su koma hannu rabbana ba su kama kowa ba. Baban Khalifa, ka nemi ganin baturen 'yan sandan yankin da kanka, cikin mutunci, ka tafi da wani dattijo daga kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a. Tun 1984 aka kafa kwamitin nan, kuma irin wannan ne aikinsa.

Lauyan Tsakar Gida:
Yallaɓai, na gode da ka faɗi maganar man mota da bakinka, domin da ni na faɗa da an ce ƙiyayya ce. Sai dai a nan matsalar take: idan wanda ya zuba mai shi ne yake da gaskiya, to talakan da babu mota a ƙofar gidansa ɗansa kullum shi ne mai laifi.

Uwar Biyu Mai Awara:
Ina bin maganar nan tun ɗazu, kuma na ga ana ta batun mota da madubi, babu wanda ya tuna da mu masu sana'a a ƙofar gida. Da yamma nake suyar awara, daidai lokacin da yara suke fitowa. Wata rana ƙwallo ta faɗa cikin kaskon mai yana tafasa, ya fallatsar wa 'yata da take miƙo mini faranti, har yau tabon yana hannunta. Ban kira 'yan sanda ba, domin wanda ya buga ɗan aminiyata ne, kuma ko na kira ba su ne za su mayar mata da fatarta ba. Amma ku daina magana kamar wasan nan ba ya cutar da kowa. Tsofaffi masu zuwa masallaci, mata masu ciki, makaho mai sanda, duk sai sun tsaya sun jira a ga dama a tsayar musu da wasa. Abin da ya gyara namu layin shi ne mun samu wani saurayi mai hankali da yaran suke jin maganarsa, shi ya matsar da ragar zuwa jikin katangar wani kango, ya kuma sa dokar cewa idan babba ya taho a dafe ƙwallo har ya wuce.

Malam Na Zaure:
Allah ya ba 'yarki lafiya, Uwar Biyu. Addini bai bar wannan babin a buɗe ba. A hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai game da zama a kan hanya, da suka nuna ba su da makawa sai ya umarce su da su ba hanya haƙƙinta, daga ciki har da kame cuta daga masu wucewa. A lura da kyau, bai kore su ba da ya ga ba su da wani wurin, sharaɗi ya gindaya musu. Wannan shi ne halin yaranmu a yau kamar yadda Tsohon Gola ya bayyana. Wasa kuma ba abin ƙi ba ne, domin Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo. Haka nan malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa yaro ba shi da zunubi, amma abin da ya lalata na mutane ana biya. Saboda haka mai motar yana da haƙƙin a biya shi, wannan babu kokwanto. Inda ya yi kuskure shi ne tsoratar da yara, da tsallake maƙwabcinsa wanda Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yin wasiyya da shi ba. Su ma iyaye ina da magana da su: an yi umarni da a tsare yara a gida idan duhun magariba ya kawo jiki, amma sau nawa muke idar da salla muna jin ihun an ci, an ci, a bayan masallaci?

Bakano a Biristol:
Kada a zaci mu kaɗai ne muke wannan rigima. A nan Ingila akwai dokar hanyoyi ta 1980 wadda sashenta na 161 ya mayar da buga ƙwallo ko wani wasa a kan hanya laifi idan ya takura wa mai amfani da hanyar, kuma tarar tana iya kaiwa fam 200. A unguwannin gidajen gwamnati kuma za ka ga alluna a jikin bango an rubuta an hana wasan ƙwallo. Amma su da kansu sun fara dawowa daga rakiyar wannan tsari, domin sun ga yara sun koma ɗaki sun rungumi waya, ga ƙiba ga kaɗaici. Birnin Aberdeen da ke Sikotland ya yanke shawarar cire irin waɗannan alluna a 2015. A nan Biristol kuwa, a 2009 wasu iyaye mata ne suka fara neman izini suna rufe layinsu na ɗan lokaci bayan an tashi daga makaranta don yara su yi wasa, daga baya hukumar birnin ta samar da takardar izini ta musamman, sauran garuruwa suka kwaikwaya. Yadda ake yi shi ne, ana sanar da kowane gida tun da wuri, manya biyu su tsaya a bakin layin, idan mai gida ya zo da mota a tsayar da wasa a raka shi a hankali har ƙofarsa. Abin da ya ba ni dariya da na fara gani shi ne, sun cike takardu sun yi taro don su samu abin da muke da shi kyauta a Kano, mu kuma muna neman hanyar kashe shi.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga Nijar. A wajenmu yawancin layukan cikin gari rairayi ne, kuma bayan ƙwallo yara suna yin kokowa sosai, kowa yana kwaikwayon 'yan gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, da ake yi tun 1975. Ban taɓa ganin wanda ya tafi kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, saboda wannan ba, abin kunya ne a ce ka kai ɗan maƙwabcinka can, sai dai mai unguwa. Amma gaskiyar Alhaji tana nan: inda samarin fada, wato masu zaman majalisa a bakin layi, suka mamaye wuri, mai unguwar ma wani lokacin tsoron su yake ji.

Malamar Firamare:
Tsohon Gola ya ambaci filin makaranta, to bari in faɗa muku dalilin da ya sa muke kullewa, tunda ni ce nake riƙe da makullin tamu. Lokacin da filin yake a buɗe, duk safiya sai mun tarar an ɓalle taga, an kwashe kujeru, an yi bahaya a aji, ga kwalaben maganin tari a bayan banɗaki. Ba masu ƙwallon ne suke yi ba, amma ta ƙofar da aka buɗe musu ake shigowa. Da unguwa za ta ba mu mutum biyu amintattu da za su buɗe da ƙarfe huɗu su kulle kafin magariba, su ɗauki alhakin abin da ya ɓace, da na kai maganar gaba da kaina. Sannan ina so in tambayi maza: tun da aka fara muhawarar nan wa ya tuna da 'yan mata? Da can a dandali suke gaɗa, su zana 'yar gala-gala a ƙasa, su yi carafke a gindin bishiya. Su nasu wasan ya mutu tuntuni ba tare da an kira ɗan sanda ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya buɗe zaure a kansa.

Maman Ummi:
Malama, wallahi kin taɓa inda yake mini ƙaiƙayi. 'Ya'yana mata uku ba su san ko waƙar gaɗa ɗaya ba, daga boko sai islamiyya sai talabijin.

Ɗan Nima:
Ni daga Zongo nake, a unguwar Nima cikin Accra ta ƙasar Ghana, kuma cunkoson gidajenmu ya kai na kowace tsohuwar unguwa a Kano. A nan aka haifi Mohammed Kudus, a ƙungiyar yara ta unguwa ya fara kafin makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi, yau duniya ta san shi. Saboda haka a wajenmu idan ƙwallo ta shigo gidan mutum, yakan yi faɗa ya jefo musu abarsu, domin kowa yana fatan nasa ne zai fita gobe. Wanda ya huda ƙwallon yara da wuƙa sai ya yi wata guda ana nuna shi da baki.

Alhaji Na Ƙarshen Layi:
Ɗana na Nima, Allah ya yi albarka, amma wannan hujjar ba ta shige ni ba. A cikin yara dubu nawa ne ake samun Kudus ɗaya? Kuma ko da duk za su zama taurari, ba da barcin tsohuwata za a saya musu ɗaukaka ba. Idan za a kare wasan yara a kare shi don yara ne kuma suna da buƙata, na yarda da wannan, amma kada a ce in haƙura da cuta don wataƙila wani zai tafi Turai.

Baƙon Amurka:
Maganar Sufeto a kan yadda ake ƙara gishiri a kiran waya ta tuna mini abubuwa biyu da suka faru a nan. A Janairun 2016, a garin Gainesville na jihar Fulorida, wani ya kai ƙarar yara suna buga ƙwallon kwando a titi suna hayaniya. Ɗan sandan da aka tura, Bobby White, da ya isa sai ya gaya musu shi ba shi da matsala da wasansu, ya karɓi ƙwallon ya yi ta jefawa tare da su, kyamarar motarsa kuma tana ɗauka. Hoton ya zagaya duniya, har bayan 'yan kwanaki shahararren ɗan wasan ƙwallon kwandon nan Shaquille O'Neal ya zo suka koma wajen yaran tare. Na biyun kuwa ba daɗin ji. A Nuwamban 2014, a birnin Cleveland, wani ya kira 'yan sanda a kan Tamir Rice, yaro baƙar fata ɗan shekara 12 da yake wasa da bindigar roba a wurin shaƙatawa. Mai kiran ya ce mai yiwuwa bindigar ta wasa ce kuma mai yiwuwa yaro ne, amma ba a isar da wannan ga waɗanda aka tura ba, suna isa cikin daƙiƙu kaɗan aka harbe shi. Wanda ya ɗaga waya ba shi ne yake zaɓar irin jami'in da zai zo ba, kuma da zarar ya kashe wayar maganar ta fita daga hannunsa.

Sufeto Mai Ritaya:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Na sha ganin mai ƙara ya biyo mu ofis yana roƙon a saki yaran, yana cewa shi tsoratarwa kawai yake so a yi, alhali an riga an shigar da magana a littafi, kuma wani yaron ya ji ciwo wajen gudu da ya hango mota.

Wakilin Mai Unguwa:
Ana ta cewa a je wajen mai unguwa, kuma mun gode da wannan girmamawa, amma ku san halin da muke ciki. A tsarin da muka gada, magana tana tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, kafin ta kai fada, kuma da wuya ta yara ta wuce zauren farko, domin a da ɗa na kowa ne, duk babban da ya ga yaro yana ɓarna zai tsawata masa ubansa ya yi godiya. Yanzu a sababbin unguwanni rabin mazauna 'yan haya ne, wani bai san sunan mai unguwarsa ba sai ranar da yake neman takardar shaida. Mu ba mu da ikon cin tara, ba mu da ɗan doka, abin da muke da shi kunya ce kawai, kuma wanda ba ya jin kunyarka ba ka da yadda za ka yi da shi. Uba ya zo ya ce a gabanka ɗansa ba zai daina ba, me za ka yi? Irin wannan ne yake tura mutane irin su Alhaji wajen hukuma. Abin da ya ɗan yi mana aiki shi ne yarjejeniya da baturen 'yan sandan yankinmu, cewa duk ƙarar da ta shafi yara ƙanana ko maƙwabta zai fara turo mana ita, idan ta gagare mu mu mayar masa da rubutu. Amma wannan alheri ne na mutum ɗaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki sai mun sake sabon lale.

Baban Khalifa:
Na gode wa kowa, kuma ga inda aka kwana. Jiya bayan isha'i mun zauna a zauren mai unguwa, mu iyayen yara shida da maƙwabcin namu da limamin masallacinmu. A nan na ji abin da ban sani ba: ashe motar ba tasa ba ce, ta wurin aikinsa ce, kuma an taɓa yanke masa albashi a kan tsagewar gilashinta. Ya ce ranar ya dawo ne a gajiye, yana ganin madubin a ƙasa idonsa ya rufe. Mun haɗa masa kuɗin madubin, shi kuma da liman ya matsa masa ya ce a yi haƙuri, ko da yake a ganina daga leɓe maganar ta fito. An amince yara za su riƙa wasa daga bayan la'asar zuwa kiran magariba kawai, da ƙwallon roba mara nauyi, a can ƙarshen layin, kuma babu baƙin samari. Shi kuma aka roƙe shi ya riƙa shigar da motar cikin gida, ya ce ƙofarsa ba ta da faɗin da za ta shige. Maganar abin da aka karɓa a ofis kuwa iyaye huɗu sun ce a bar wa Allah, ba sa son abin da zai sa a san da su. Ni da mutum ɗaya ne muke son bin shawarar Sufeto, kuma har yanzu ban yanke ba. Khalifa dai bai fita ba tukuna, ko da abokansa suka zo kiransa yau cewa ya yi kansa yana ciwo.

Lauyan Tsakar Gida:
Idan kun yanke shawarar zuwa, ku rubuta koken a takarda, ku sa rana da lokaci da adadin abin da kowa ya bayar, ku riƙe kwafi. Mutum biyu sun isa, ba sai shida ba.

Maman Ummi:
Ni dai sulhun nan bai yi mini ba. An biya shi madubinsa cif, to wa ya biya yaran awannin da suka yi a tsare? Kamata ya yi a sa shi ya tara su a gaban kowa ya ba su haƙuri da bakinsa.

Alhaji Na Ƙarshen Layi:
Hajiya, idan aka ce sai magidanci ya durƙusa wa 'yan shekara goma, to gobe babu babban da zai iya buɗe baki a layin nan. Baban Khalifa, ƙarshen layin da aka mayar da wasan, gidan wa yake kallo, kuma an tambaye shi kafin a yanke?

Baban Khalifa:
Gidan wata bazawara ce mai 'ya'ya uku, Alhaji, kuma gaskiya ba ta wajen zaman, domin babu mace ko ɗaya a zauren. Zan tura mai ɗakina ta ji ta bakinta gobe in Allah ya kai mu.

Malamar Firamare:
Idan ta ce ba ta yarda ba, ku tuntuɓi makarantar da ta fi kusa da ku a kan sharaɗin da na faɗa a sama. Amma ku zo da sunayen mutum biyun da za su riƙe makulli, domin duk wanda na taɓa yi wa wannan tayin a nan yake tsayawa.